Wa ke gaba, wa ke baya? Muhawara kan jerin masu tsara kiɗan kilasik

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a. Ga batun wannan makon: kowa ya kawo goma nasa cikin masu tsara kiɗan kilasik, daga na ɗaya zuwa na goma. Sharaɗi ɗaya ne, kada a watso mana sunaye a wuce. Duk wanda ka sa, faɗi aikin da ya sa ka sa shi, da lambarsa in yana da ita, don mai so ya nemo ya saurara. Don a samu abin kama hujja, ga jerin da Anthony Tommasini ya fitar a jaridar New York Times a 2011: Bach, Beethoven, Mozart, Schubert, Debussy, Stravinsky, Brahms, Verdi, Wagner, Bartók. Bai sa masu rai ba, bai kuma koma can kafin zamanin Bach ba. A 2019 kuma mujallar BBC Music ta tambayi masu tsara kiɗa 174 na wannan zamani, sai ga Stravinsky ya haye na biyu, yana bayan Bach, yana gaban Beethoven. Bismillah.

Sadiƙ: Wa alaikumus salam Malam. Nawa: Beethoven saboda simfoni ta 7, Tchaikovsky saboda ta 6, Chopin saboda balad ta 1, Mozart saboda simfoni ta 40, Dvořák saboda ta 9, Vivaldi saboda konsheto huɗun nan na yanayin shekara, Rachmaninoff saboda konsheton piyano na 2, sai Bach, Ravel, Grieg. Na san za a yi mini ca a kan Bach, amma gaskiya kunnena ba ya kama shi. Abu ɗaya nake ji yana ta zuba, ba hawa ba sauka.

Hajiya Bilki: Ba mai yi maka ca, ƙanena. Da me kake saurara?

Sadiƙ: Da waya, Hajiya. Yawanci lasifikarta.

Hajiya Bilki: To ruwa ba ya tsami banza. Duba jerinka da kyau: kusan duk waɗanda ke sama masu karin waƙa ne da ke yawo a can saman sauti, inda lasifikar waya ke iya kaiwa. Ita lasifikar waya abin da ya yi ƙasa da haz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti) ɗari biyu zuwa uku kusan haɗiye shi take yi. Igiyar celo mafi kauri tana wajen haz 65, ta babban goge mai tsayuwa wajen 41, maɓallin ƙarshe na hagun piyano 27.5. Kiɗan Bach kuwa daga ƙasa aka gina shi, muryar ƙasa ita ke tuƙi. In ka cire ta, abin da ya rage shi ne wannan zubar da kake ji. Haka Brahms da Bruckner ke shan wahala a waya, shi ya sa masu sauraro da ita ke yawan jefa su baya. Kafin kowa ya yi jeri, ya samu abin kunne mai rufe kunne, ko da mai araha ne, ya kuma saurari kowa da abu ɗaya. In ka ji wani da lasifikar mota wani da waya, na'ura ka jera, ba mutane ba.

Malam Bitrus: In ƙara kan na Hajiya. Sadiƙ, kada ka fara Bach da manyan ayyukansa. Nemo aikinsa mai lamba BWV 847, fugar C maino (fuga kiɗa ne da muryoyi ke shigowa ɗaya bayan ɗaya da kari guda, wato jigo) daga littafi na farko na piraludi da fuga 24 da ya kammala a 1722. Gaɓa (ɗan yankin bugu da ake raba kiɗa da shi a takarda) 31 ce kacal, ba ta kai minti biyu ba, muryoyi uku. Jigon gaɓa biyu ne. Muryar tsakiya ce ke fara shi ita kaɗai, ta sama ta amsa a gaɓa ta 3, ta ƙasa ta shigo a ta 7. Saurara sau huɗu. Na farko, ƙirga sau nawa jigon ya fito. Takwas ya kamata ka samu. Na biyu, bi muryar ƙasa kaɗai. Na uku, kyale jigon, ka ji abin da sauran biyun ke yi a lokacin da yake tafiya. Na huɗu, saki kunne. Inda mutane ke kuskure shi ne jiran wani kari guda ya fito fili sauran su raka shi. Babu mai rakiya a nan, duka ukun masu magana ne. Takardar kiɗan tana nan kyauta a shafin intanet na IMSLP, kuma ko ba ka iya karanta ta ba, idonka zai ga siffar jigon tana sauya layi.

Dakta Ladi: Ni kafin in kawo suna, Malam Habu, ina ganin an haɗa tambaya biyu a guda. "Wa na fi so" daban, "wa ya fi girma" daban. Jerin Sadiƙ amsar ta farko ce, kuma ba wanda ke da hurumin gyara masa ita. Na Tommasini yana ƙoƙarin amsa ta biyu. Duk rigimar da ake yi a irin wannan zance daga nan take tasowa: wani ya kawo abin da yake so, wani ya ƙaryata shi da tarihi. Ko a tambaya ta biyun ma sai an faɗi ma'auni. In tsayin ƙololuwa ake aunawa, Bizet da Carmen ɗinsa ta 1875 yana da magana, duk da ya rasu wata uku bayan an fara nuna ta. In yawa ne, Telemann mai aiki sama da 3,000 ya binne kowa, Webern kuwa, wanda ayyukansa 31 masu lamba ke shiga faifai uku, ba zai ko leƙo ba. In faɗin fage ne, Mozart ya yi opera, simfoni, konsheto, kwatet, kiɗan coci, duk a sahun gaba, Chopin kuma kusan bai bar piyano ba. In tasiri ne, Wagner da Debussy sun hau, Tchaikovsky ya sauka. Ma'auni huɗu, jeri huɗu.

Malam Habu: Hakane Dakta. To kowa ya rubuta a saman jerinsa ko na "so" ne ko na "girma", in na girma ne da wane ma'auni.

Malam Bitrus: Nawa na girma ne, ma'aunina kuma tasiri haɗe da yawan aiki mai inganci: Bach, Beethoven, Haydn, Mozart, Monteverdi, Schubert, Wagner, Debussy, Stravinsky, Brahms. Jerin da Malam Habu ya kawo an yi tuya an manta da albasa, babu Haydn. Mutumin da ya bar simfoni 104 masu lamba, da kwatet (kiɗan kayan goge huɗu) kusan 70, wanda Mozart ya sadaukar wa kwatet shida a 1785, wanda Beethoven ya je Biyana a 1792 don ya yi karatu a gabansa. Abin da ke cutar da shi a jeri yawan ne da kansa. Mai neman sa yakan faɗa kan simfoni ta kaza cikin na farko-farko, ko ɗaya daga cikin tiriyo sama da 120 da ya rubuta don kayan kiɗan bariton da ubangidansa Yarima Nikolaus Esterházy ke kaɗawa, sai ya ce ai ba komai. Daga 1761 Haydn bara ne a gidan Esterházy, da tufafin aiki da komai, abin da aka ce ya kawo shi yake kawowa, kamar dai makaɗin fada a wajenmu da ba shi ke zaɓar ranar waƙa ba. Ba a auna irin wannan mutum da aikin yau da kullum. A auna shi da kwatet shida na Op. 33 na 1781, da na Op. 76, da simfoni 12 na Landan, lamba 93 zuwa 104. A Op. 33 ne za ka ji abin da ya ƙirƙira: ɗan ƙaramin kari yana zama rakiya, rakiya ta juye ta zama kari, kayan kiɗa huɗu suna miƙa wa juna ba tare da an ga ɗinki ba. Beethoven a kan wannan ya yi gini.

Alhaji Ɗanjuma: Malam Bitrus, ka sa Wagner ka bar Verdi? Haba.

Malam Bitrus: Na ce tasiri, ranka ya daɗe. Gaɓoɓin farko na Tristan, operar Wagner da aka fara nunawa a Munik a 1865, sun sa duk wanda ya zo baya sai ya ɗauki matsaya, ko ya bi ko ya guje. Wa ya guje wa Verdi?

Alhaji Ɗanjuma: Ba a guje masa ba don ba a iya kwaikwayonsa. Shekara ɗaya aka haife su, 1813, kuma ga abin da ake yi wa masu opera gaba ɗaya a irin wannan jeri: a saurare su kamar simfoni, ido rufe, ba a san me ake cewa ba. Wannan zalunci ne. Opera wasan kwaikwayo ce. Hanyar da ta dace: karanta taƙaitaccen labarin tukuna, minti biyar ya isa, sannan ka nemi bidiyo mai fassara a ƙasa, ka kalli fage ɗaya a zama ɗaya. Gwada kwatet ɗin fage na ƙarshe na Rigoletto ta 1851. Mutum huɗu ke waƙa lokaci guda, biyu cikin ɗaki biyu a waje: mayaudari yana lallashi, macen da yake lallashi tana dariya, yarinyar da ya yaudara tana kuka, ubanta yana ƙulla ramuwa. Kowa da irin karinsa, kuma duk sun zauna a kan jituwa ɗaya. Wanda bai san labarin ba daɗi kawai zai ji, ba zai san an yi wani abu ba. Sannan a tuna Verdi ya fitar da Otello a 1887, Falstaff a 1893 yana da shekara 79, kuma ba su yi kama da abin da ya yi a baya ba. Aida ma a Alƙahira aka fara nuna ta, a 1871. Jerina na so ne: Verdi, Mozart, Wagner, Puccini, Handel, Janáček, Schubert, Mussorgsky, Bach, Berlioz. Mozart ɗina na operori ukun da ya yi da marubucin baitoci Da Ponte ne, Figaro 1786, Don Giovanni 1787, Così 1790.

Sadiƙ: Alhaji, Wagner ɗin nan ance zoben nasa, wato jerin operorinsa huɗu mai suna Ring, awa 15 ne. Ina data?

Alhaji Ɗanjuma: Sauti kaɗai a 128 kbps kusan megabayit ɗaya ne kowane minti, awa 15 ya kama wajen 900. Bidiyo ne mai cin kuɗi. Kuma ba wanda ya ce ka haɗiye shi duka. Fage na farko na Die Walküre, ta biyu cikin huɗun, awa ɗaya ne da 'yan mintuna, mawaƙa uku ne kawai, ya isa ka san ko naka ne ko ba naka ba.

Dakta Ladi: Akwai wata matsalar da ba a taɓo ba: tsawon rai. Schubert ya rasu a 1828 yana da 31. Beethoven a wannan shekarun simfoni ɗaya aka taɓa ji daga gare shi, ta biyu yana kan aikinta. Ba ta 3, wato Eroica, ba ta 5, ba ta 9, ba kwatet ɗin ƙarshe. Shi kuwa Schubert ya riga ya bar waƙoƙi sama da 600, da Winterreise mai waƙa 24, da kwintet ɗin C manjo mai celo biyu, da sonata uku na ƙarshe D. 958 zuwa 960. Brahms sai da ya kai 43 kafin ya saki simfoninsa ta farko a 1876. Lili Boulanger ta ci kyautar Prix de Rome a 1913, mace ta farko a fannin kiɗa, ta rasu a 1918 tana da 24. Ba ina cewa a ba mamaci maki kan abin da bai rubuta ba. Ina cewa mai auna yawa ya san rabin abin da yake aunawa lafiyar jiki ce.

Hajiya Bilki: Tunda an ambaci D. 960, ga misali mafi kyau na yadda faifai ke sauya jeri. A gaɓa ta 8 ta babi na farko akwai karkarwar yatsu a G filat, can ƙasan piyano, a hankali ƙwarai. Schubert ya rubuta a maimaita ɓangaren farko, kuma ya sa wasu gaɓoɓi tara na musamman da ke kai ka ga maimaicin, inda wannan karkarwar ke fashewa da ƙarfi. Nan ne kaɗai take yin haka a duk babin. Mai kaɗawa in ya tsallake maimaicin, gaɓoɓin nan sun tafi. Makaɗin piyano Alfred Brendel ya riƙa tsallakewa, kuma ya kare ra'ayinsa a rubuce. Sviatoslav Richter kuma ya riƙa maimaitawa, a hankali har babin ya haura minti 24. Wanda ya ji wannan da wanda ya ji wancan ba Schubert ɗaya suka sani ba. Haka Glenn Gould da juye-juyen Goldberg na Bach: ɗaukar 1955 wajen minti 38, ta 1981 wajen 51, mutum ɗaya, takarda ɗaya. Don haka ƙa'idata: kada ka saukar da mutum a jeri sai ka ji aikin a hannun masu kaɗawa biyu da suka saɓa.

Malam Bitrus: Ga kiɗan zamanin Bach da Handel kuma a lura da wani abu. Masu amfani da tsofaffin kayan kiɗa sukan ɗaure A a haz 415, na zamani a 440. Tazarar kusan rabin taki ce. In ka jera ɗauka biyu a jere, ta 415 za ta yi maka kamar ta yi sanyi ko ta dusashe a mintin farko, ba don rauni ba. Ba ta minti uku kunne ya zauna.

Hajiya Bilki: Da ƙarar sauti. Kunne yakan ɗauki wanda ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi kyau. Kuma wasu manhajoji suna da saitin da ke matse sauti, ya ɗaga shiru ya danne ƙara. A kashe shi. Sadiƙ, a simfonin Tchaikovsky ta 6 da ka sa, akwai wuri a babi na farko da ya rubuta p, alamar a kaɗa a hankali, har shida a jere, wato shirun da ya kusa ɓacewa, sai dukan makaɗa su faɗo a kai. In an matse, dukan ya zama tafi.

Malam Habu: Muna ƙaruwa. Amma har yanzu mutum uku ne suka kawo jeri. Dakta?

Dakta Ladi: Zan kawo, amma ga yadda ake fitar da shi ba da ka ba, don jerin da aka yi da ka sunan da aka fi ji ne ke hawa. Rubuta sunaye 12. Gaban kowane sa aiki uku, daga fage daban-daban in zai yiwu. Wanda ba ka iya kawo masa uku da ka saurara daga farko har ƙarshe ba, cire shi, aiki ɗaya kake so ba mutumin ba. Wannan kaɗai kan fitar da Grieg da Vivaldi daga jerin mutane da yawa. Sannan gwada su biyu-biyu da tambaya ɗaya tak: in za a ɗauke mini ukun ɗayansu har abada, na wa zan riƙe? In za ka haɗa kowa da kowa, karawa 66 ce. Ba sai ka yi haka ba. Jera biyun farko, sannan duk sabon suna ka gwada shi da na tsakiyar jerin, in ya ci ka koma tsakiyar rabin sama, in ya faɗi rabin ƙasa. Ba za ka wuce karawa 33 ba. Abin da kan ɓaci shi ne zagaye: ka fi son Mozart kan Brahms, Brahms kan Debussy, amma Debussy kan Mozart. In haka ta faru, alama ce ka sauya ma'auni a tsakiya ba ka sani ba, wani wuri kana auna gini, wani wuri launi. Koma kan tambayar guda. A ƙarshe ajiye jerin mako biyu ka sake, don abin da ka ji jiya kullum yakan hau matakai biyu ko uku da bai cancanta ba. Nawa na so: Schubert, Bach, Beethoven, Bartók, Mozart, Debussy, Ligeti, Brahms, Haydn, Mahler.

Alhaji Ɗanjuma: Ligeti gaban Brahms! Dakta, Allah ya huci zuciyarki, wannan kuma neman magana ne.

Dakta Ladi: Saurari etid ɗinsa, wato gajerun kiɗan gwada ƙwarewa, na piyano tukuna, Alhaji, guda 18 ne, daga 1985 zuwa 2001. A na farko hannun dama na kan fararen maɓallai, na hagu kan baƙaƙe, sun fara tare, sai ɗayan ya riƙa rage bugu ɗaya har nauyin takunsu ya rabu. Shi da kansa ya ce ya koyi abubuwa daga kiɗan Afirka ta Tsakiya ta hanyar sautukan da mai binciken kiɗa Simha Arom ya ɗauka. Kunnen da ya saba da ganguna masu taku saɓanin juna zai kama wannan da wuri fiye da yadda zai kama Brahms. Bartók ma ya je Biskra a Aljeriya a 1913 da na'urar ɗaukar sauti.

Malam Bitrus: Brahms dai a ba shi haƙƙinsa da babi na ƙarshe na simfoni ta 4, ta 1885. Jigo mai gaɓa takwas, wanda ya samo daga kantatar Bach BWV 150, ya juya shi sau 30 ba tare da ya sauya tsawonsa ba. Ƙirga takwas-takwas da yatsa za ka ga bai kauce ba, amma in ba ka ƙirga ba ba za ka ji shinge ko ɗaya ba.

Sadiƙ: Tambaya, don Allah. Duk jerin nan ba baƙar fata ko ɗaya. Babu ne?

Malam Habu: Akwai. Joseph Bologne, wanda aka fi sani da Chevalier de Saint-Georges, haifaffen Guadeloupe, shi ya jagoranci makaɗan da suka fara kaɗa simfoni shida na Haydn da ake kira na Faris. Samuel Coleridge-Taylor, ɗan Ingila wanda mahaifinsa ɗan Saliyo ne, ya yi suna a 1898. Florence Price, makaɗan Chicago sun kaɗa simfoninta ta farko a 1933. A Najeriya akwai Fela Sowande, haifaffen Abeokuta a 1905, mai African Suite ta kayan goge, babi biyar. Akwai Ayo Bankole da aka haifa a Jos a 1935, da Akin Euba wanda ya yi ta ƙoƙarin sa piyano ya yi aikin ganga. Matsalarsu a jeri ita ce ƙa'idar Hajiya: yawancin ayyukansu ɗauka ɗaya gare su, wasu ma babu. Simfonin Beethoven kuwa an ɗauke su sau ɗaruruwa, har ka zaɓi wadda ta dace da kunnenka.

Dakta Ladi: Shi ya sa jerin girma kan gaji kansa. Wanda aka fi kaɗawa shi aka fi sani, wanda aka fi sani shi ake sake kaɗawa. Bach ɗin da kowa ke sa wa na ɗaya, babban aikinsa kan shan wahalar Almasihu bisa Linjilar Matta ya yi shekaru ba a kaɗa shi ba bayan rasuwarsa a 1750, sai da Mendelssohn ya tayar da shi a Balin a 1829. Babbar simfonin Schubert ta C manjo sai 1839 aka kaɗa ta, bayan Schumann ya gano takardun a wajen ɗan'uwan Schubert. Wadda bai ƙarasa ba kuwa sai 1865.

Malam Habu: To yaya za mu haɗa jerin kowa mu fitar da na zaure? Ina tunanin na ɗaya maki 10, na biyu 9, har ƙasa.

Dakta Ladi: Hanyar Borda ke nan, kuma tana da rami. A ce mu goma ne, kowa ya sa Brahms na shida: maki 5 sau goma, 50. Mutum huɗu sun sa Wagner na ɗaya, shida ba su sa shi ba sam: 40. Brahms ya ci, alhali ba wanda ya mutu a kansa. Hanyar tana ɗaga wanda ba a ƙi, tana danne wanda ke raba kan jama'a. Kuma mai wayo zai iya cire Bach daga jerinsa da gangan don gwaninsa ya haye. Gyara: a fitar da layi biyu, jimlar maki da kuma sau nawa mutum ya shiga ukun farko. Kada kuma a zuba jerin so da na girma a lissafi ɗaya. Kowa ya tura wa Malam Habu a keɓe, kada a ga na juna kafin a rufe.

Hajiya Bilki: Na yarda. Nawa na girma ne, ma'auni faɗin fage: Mozart, Beethoven, Bach, Schubert, Haydn, Handel, Brahms, Stravinsky, Dvořák, Ravel. Mai shakkar Mozart a sama ya ji minti na ƙarshe na simfoni ta 41, K. 551, inda ƙananan jigogi biyar ke tafiya lokaci guda suna musayar sama da ƙasa. Ita da ta 39 da ta 40 duk a bazarar 1788 ya rubuta su. Gargaɗi ɗaya ga masu kafa hujja da Requiem, kiɗansa na addu'ar mamaci, K. 626: bai ƙarasa ta ba, mataimakinsa Süssmayr ne ya cike. A sashenta mai suna Lacrimosa gaɓa takwas na farko ne kaɗai nasa.

Alhaji Ɗanjuma: Malamar piyano ba Chopin a jeri. Yau na ga abin mamaki.

Hajiya Bilki: Na ce faɗin fage, Alhaji. A jerin so shi ne na biyu.

Sadiƙ: Na ji BWV 847 da abin kunne. Bakwai na ƙirga, ba takwas ba.

Malam Bitrus: Mai yiwuwa ɗaya daga cikin na muryar tsakiya ne ya ɓace maka, don ta sama na rufe ta. Duba wajen gaɓa ta 15. In kuma ba ita ba ce, to ta ƙarshe ce, wadda ke fitowa a sama bayan ka zaci an gama, muryar ƙasa na riƙe da C. Sake ji, ka rage ƙara kaɗan, muryoyin ciki sun fi fitowa in ba a cika ƙara ba.

Malam Habu: Za a rufe karɓar jeri ranar Juma'a bayan isha'i. Suna goma, aiki uku gaban kowane, a rubuta "so" ko "girma" a sama. Alhaji, opera ɗaya aiki ɗaya ce, zoben Wagner kuma za mu ƙirga shi huɗu.

Alhaji Ɗanjuma: In huɗu ne to ya cika sharaɗin uku tun kafin a zo kan Tristan. Ban yarda ba, a ƙirga shi ɗaya.